Motar Hamada a Ƙasar Laka

A arewacin Ghana kowace hanya tana da fuska biyu, ta rani da ta damina. Daga watan Nuwamba, sa'ad da iskar hunturu ta sauko, hanyar burji takan bushe ta yi gargada kamar bayan kwanon rufi, ƙura kuwa ta tashi ja wur har direba ba ya iya ganin wanda ke gabansa. Daga watan Mayu ruwa yakan fara, ya yi ƙarfi ƙwarai a Agusta da Satumba. Tamale takan sami ruwa kimanin milimita 1,000 ko fiye da haka kaɗan a shekara, kusan dukansa cikin wata shida. A lokacin nan hanyar da ta karya wa mota ƙashi da rani ita ce za ta koma laka, ta riƙe ƙafafunta kamar danƙo.

Gaskiya ne an sami ci gaba. Wanda ya san hanyar Fufulso zuwa Sawla kafin a gama shimfiɗa mata kwalta a shekarar 2015, ya san wahalar da masu zuwa Damongo da Larabanga suka sha shekara da shekaru. Amma kwalta tana bin manyan garuruwa ne, mutanenmu kuwa da yawa suna zaune nesa da ita. Akwai ma wani yanki a ƙasar Mamprusi, wajen Yagaba, a ƙetaren kogin Farin Volta, wanda mutane suka daɗe suna yi wa laƙabi da Obasis, watau ƙetaren teku, domin in ruwa ya cika isa wurin yakan zama kamar zuwa wata ƙasa.

Ni katekis ne, aikina kuwa yawancinsa a ƙauyukan da ke kewaye da Tamale yake. Ikilisiyarmu tana da mota ɗaya, Toyota Hilux a-kori-kura mai ƙofa huɗu, mai shan man dizal. Ita ke kai Fada ƙananan majami'u, ita ke ɗaukar siminti da kwano, ita ke kawo masara bayan girbi. Amma aikinta mafi nauyi shi ne wanda ba a rubuta shi cikin tsarin mako ba: mace mai naƙuda wadda haihuwa ta zo mata da gardama, ko manomin da maciji ya sara a gona, ko yaron da zazzaɓi ya kama har yana suma. Irin wannan kira ba ya tambayar addinin mutum, kuma yawanci da dare yake zuwa. Tun da ni ne na san gidajen, ni nakan zauna a baya tare da majiyyaci da danginsa. Saboda haka sa'ad da maganar gyaran mota ta taso a majalisar ikilisiya, aka ce in shiga cikin masu dubawa.

Dalilin maganar kuwa shi ne, motar ta tsufa, bayanta ya zauna, cikinta yana gogar ƙasa a wuraren da dā take wucewa lafiya. Shugaban matasanmu, yaro mai himma, ya zo da hotuna a wayarsa na motocin tseren hamada, masu tsawo kamar raƙumi, da tayoyi manya-manya, suna tashi bisa tudun rairayi. Ya ce, "Iyayena, motar da ta ci hamada ai hanyar Kumbungu ba za ta gagare ta ba. Mu ɗaga tamu, mu ƙara mata sifirin, mu sa mata babbar taya." Mutane da yawa suka yi na'am, gama maganar tana da daɗin ji. Fada ya ce ya yarda a yi, amma da sharaɗi ɗaya: kada a biya kuɗin taya sai an gwada an gani, domin kuɗin baikon talakawa ne.

Ya kamata in ɗan yi bayani a kan motocin nan na hamada, gama daga wurinsu sha'awar ta fito. Tseren da ake kira Dakar wani Bafaranshe ne mai suna Thierry Sabine ya fara shi a ƙarshen shekarar 1978, daga Paris zuwa Dakar ta ƙasar Senegal. Shekaru da yawa yana ratsa ƙasar Nijar, ta Agadas da hamadar Tenere, inda ayarin gishiri ke bi zuwa Bilma tun zamanin kakanni. An soke tseren a 2008 saboda rashin tsaro, aka mai da shi Kudancin Amurka daga 2009, sa'an nan Saudiyya daga 2020. Motar tsere tana ɗauke da mutum biyu ne ko uku, akwai makanikai da ke jiranta a kowane zango, abin da ya karye da rana a sāke shi da dare. Ba a yi ta domin ta yi shekara goma tana aiki ba.

Akwai kuma motocin hamada na talakawa, waɗanda ke tashi daga Agadas zuwa Dirku da kan iyakar Libiya, ko daga Arlit zuwa Aljeriya. Yawancinsu Toyota ne irin tamu. Direbobinsu sun san cewa a can lalacewar mota ba wasa ba ce. A watan Oktoba na 2013 an sami gawawwakin mutum 92 a arewacin Arlit, yawancinsu mata da yara, waɗanda ƙishirwa ta kashe bayan motocinsu sun lalace. Saboda haka direban hamada na ainihi ba ya neman abin ado. Yana neman abin da zai iya gyarawa da hannunsa, da kuma tayar da zai sami irinta a gari na gaba. Wannan hali nasu shi ya fi dacewa mu ara, fiye da siffar motar tsere.

Muka kai motar wurin bakanikenmu, wanda a nan Ghana muke ce wa fita. Dattijo ne Musulmi, mutumin Zango, garejinsa yana wajen Lamashegu, a Suame ta Kumasi kuwa ya koyi aiki, inda makanikai dubbai suke. Yaransa suna ce masa Masta, mu ma haka muke ce masa. Da ya ji buƙatarmu sai ya sa aka shimfiɗa kwali a ƙasa, ya ce, "Malam Katekis, kwanta nan kusa da ni ka gani da idonka, gama gani ya kori ji."

Ya nuna mini sifirin na baya, watau dogayen fallayen ƙarfe da aka jera bisa juna. Ya ce su ke ɗaukar nauyi. Ya nuna mini shokozoba, ya ce ita ba ta ɗaukar nauyi, aikinta shi ne ta hana mota yin ta tsalle bayan ta faɗa rami. Akwai mai a cikinta wanda ake matsawa ta ƙananan kafofi. Sa'an nan ya buga wani ƙarfe mai kama da tulu a tsakiyar ƙafafun baya, wanda suke kira dif. Ya ce, "Wannan shi ne abin da ya fi kusa da ƙasa. Ko ka ƙara sifirin har jikin mota ya taɓa sama, wannan tulu yana nan inda yake, domin a kan ƙafafu yake zaune. Abin da ke ɗaga shi taya ce kaɗai, ita ma rabin abin da ta ƙaru ne kawai za ta ba ka."

Lissafin ba shi da wuya, ko mai karatun firamare irina zai iya bi. Tayar da motar ta zo da ita an rubuta mata 205R16, tsayinta daga ƙasa zuwa sama kimanin santimita 73 ne. Wadda matasa suke so, 265/75R16, kimanin santimita 80 ce. Bambancin santimita 7 ke nan, amma rabi yana sama da tsakiyar ƙafa, rabi yana ƙasa. Ashe duk abin da tulun nan zai samu santimita 3 da rabi ne, watau faɗin yatsa biyu. Shugaban matasa ya ce, "Baba, yatsa biyu kawai?" Masta ya ce, "Ɗana, yatsa biyu yakan raba wanda ya kwana a gida da wanda ya kwana a daji. Ban raina shi ba. Ina so dai ka san abin da za ka biya a kansa."

Masta ya ƙi taɓa kome sai da muka fara gwada motar yadda take, domin in ba a san jiya ba, ba a iya auna yau. Muka zaɓi hanyar da ke fita daga Tamale ta Kumbungu da Dalun zuwa Nawuni a bakin kogin Farin Volta, inda ake ɗebo ruwan da birnin ke sha. Mun zaɓe ta ne domin a wajen nan ana samun kwalta, da ƙananan hanyoyin burji masu shiga ƙauyuka, da fadamun shinkafa kusa da madatsar Bontanga, da kuma yashi a bakin kogi. Kowane gwaji sau biyu muka yi shi, sau ɗaya mota ba kaya, sau ɗaya da buhu biyar na masara da mutum biyar. Ni ne mai littafi da fensir. Bayan haka aka ƙara fallen sifirin biyu a kowane gefe na baya, aka ɗaga gaba, aka sa sababbin shokozoba masu ɗan tsawo. Wani mai sayar da taya ya ba mu aron manyan tayoyi na hannu tare da rim nasu, gama rim ɗinmu ya yi musu ƙunci. Motar ta fito ta yi kyau, ba shakka. Yaran unguwa suka bi ta da gudu suna tafi.

A kan kwalta muka fara ganin farashin. Direbanmu, wanda ya yi shekaru da motar nan har ya san numfashinta, ya ce, "Malam, ta yi nauyin tashi." Inda dā yake hawa da giya ta huɗu, yanzu sai ya sauko ta uku, musamman da kaya. Dalili kuwa, babbar taya tana cin ƙasa mai yawa a juyi ɗaya, injin kuwa ƙarfinsa bai ƙaru ba; kamar a ba mutum doguwar tabarya ne alhali hannunsa na dā ne. Kuloci ma yakan sha wahala wajen tashi. Sa'an nan maleji ya fara faɗin abin da ba haka ba. Shi juyin ƙafa yake ƙirgawa, bai san an sāke taya ba. Muka gwada shi da wayar hannu mai nuna gudu ta tauraron ɗan adam: in allura tana kan 80, motar tana kusa da 88. Haka nan in ya rubuta kilomita 100, an yi kusan 110. Wanda bai san wannan ba zai wuce ƙa'idar gudu bai sani ba, zai kuma makara wajen juyen mai.

Gwajin birki shi ya sa kowa ya yi shiru. Muka sami wuri miƙaƙƙe inda ba mutane, muka ja layi da toka, direba ya zo da gudu ɗaya kowane lokaci bisa ga abin da waya ta nuna, ya taka birki a kan layin, ni kuwa na auna da taku. Da manyan tayoyi motar ta wuce alamar dā da taku da dama, da kaya kuwa abin ya fi muni. Masta ya ce dalili biyu ne. Na fari, taya mai nauyi mai tsawo ta fi wuyar tsayarwa. Na biyu, a irin wannan Hilux akwai wani ɗan bawul a ƙarƙashi, haɗe da ƙafafun baya ta wurin sandar ƙarfe, wanda ke auna yadda bayan mota ya zauna, ya ƙara wa birkin baya ƙarfi in akwai kaya. Da aka ɗaga jikin mota sai bawul ɗin ya ɗauka kullum ba kaya. Ya shiga ƙarƙashi ya daidaita sandar, birki ya gyaru sosai, ko da yake bai koma daidai da na dā ba. Ya kuma duba robar man birki ko ta yi gajarta, ya sunkuyar da fitilun gaba domin kada su kashe wa masu zuwa ido. Ya ku masu karatu, duk wanda za a ɗaga wa mota, ya tambayi waɗannan abubuwa. Taku biyar a kan hanya ba kome ba ne, sai ranar da yaro ya fito da gudu yana bin akuya.

Yanzu na zo kan gwajin da ya fi mini muhimmanci. Magajiyar matan ikilisiyarmu, tsohuwa wadda ta raka mata masu naƙuda asibiti fiye da yadda za ta iya ƙirgawa, ta ce ita ma za ta zo. Ta zo da katifa da ƙwarya. Ta shimfiɗa katifar a bayan mota, inda mukan kwantar da wanda ba ya iya zama, ta cika ƙwaryar da ruwa, ta zauna ta riƙe ta a cinya. Ta ce wa direba, "Ɗana, ja yadda kake ja in ka ɗauko mai ciki." Tun a gwajin farko ta yi haka, da tsohon sifirin, ruwan da ya zube kuwa bai kai rabi ba. Da aka ƙara falle biyu, muka bi wannan gargada ɗin da wannan gudun, kafin mu kai inda muka tsaya dā ƙwaryar ta kusa komawa wayam, zanenta ya jiƙe sharkaf. Na zauna kusa da ita, na ji kowane tudu yana shiga mini ƙashin baya kamar ana buga mini guduma.

Da muka ɗora buhunan masara, sai motar ta yi laushi, ruwa ya zauna cikin ƙwarya. A nan ne maganar ta fito fili. Sifirin mai tauri yana son nauyi kafin ya lanƙwasa. In ba nauyi, ba ya motsi, sai ya miƙa wa fasinja dukan bugun da hanya ta yi. Motarmu kuwa ranar da take ɗauke da abu mafi daraja, a ranar ce ta fi rashin nauyi: direba, da ni, da mace ɗaya a kwance, da uwarta ko kishiyarta. Magajiya ta sauko tana matse bakin zanenta, ta ce, "Masta, wannan gyara na masara ne. Masara ba ta kuka." Masta ya yi dariya, ya ce, "Magajiya, kin fi ni gaskiya."

Ya kuma koya mana wata dabara a wurin. Bayan tafiya a kan gargada, ya sa hannu a hankali ya taɓa kowace shokozoba. Wadda take aiki takan yi ɗumi, gama bugun hanya a cikinta yake komawa zafi. Wadda ta zauna da sanyi ta mutu, ko da ba ta yoyo. In kuwa aka yi ta gudu a gargada ba hutawa, man cikinta yakan yi zafi har ya yi kumfa, sai ta daina riƙo, mota ta fara rawa a kan hanya. Ya ƙara da cewa ƙarin sifirin ba ya ƙara wa mota ikon ɗaukar kaya. Yana ɓoye nauyin ne daga ido, amma ƙarfen ƙafa da birki da ƙashin mota suna nan yadda kamfani ya yi su, nauyin da ya wuce kima kuwa a kansu zai fashe wata rana.

A bakin kogi a Nawuni, inda tifofi ke ɗibar yashin gini, muka sami abin da ya fi kama da hamada a ƙasarmu. Direba ya sa giyar da ke sa ƙafafu huɗu su ja, ya shiga yashi da iska cike a taya. Bai yi nisa ba manyan tayoyin nan suka fara tona wa kansu rami. Masta ya sa aka rage iska daga wajen 35 a ma'aunin mai faci zuwa wajen 20. Motar ta fita sumul kamar ba ita ba. Tsofaffin tayoyinmu ma haka suka yi a gwajin farko, da aka rage musu iska. Taya mai ƙarancin iska takan baje, sawunta ya yi tsawo kamar tafin raƙumi, sai ta hau bisa yashi maimakon ta nutse. Wannan shi ne sirrin direbobin Agadas, ba ya kuwa cin ko sidi ɗaya. Sai dai wajibi ne a mai da iska kafin a hau kwalta, in ba haka ba taya za ta yi zafi ta fashe, ko ta zame daga rim a kwana. Saboda haka famfon iska da ma'auni suka shiga jerin abin da za mu saya.

Mai tayoyin ya yi mana haƙuri, ya sāke ba mu aro da damina, gama Masta ya ce hukuncin da aka yanke da rani rabin hukunci ne. A watan Agusta muka koma fadamun wajen Bontanga. Taraktoci sun bi hanyar sun bar kwari biyu masu zurfi da tudu a tsakiya. A nan babbar taya ta nuna amfaninta, dole in ba ta hakkinta: inda tulun nan na baya ya saba zama a kan tudu ƙafafu suna juyi a banza, yanzu ya wuce yana ɗan shafa. Yatsa biyu sun yi aiki. Amma a baƙar laka mai santsi faɗinta ya zama mata cikas. Zanenta ya cika da laka ta koma sulɓi, motar ta riƙa zamewa gefe, alhali siririyar taya takan yanka laka ta sami ƙasa mai tauri a ƙarƙashi. Kuma duk sa'ad da direba ya karya sitiyari har ƙarshe ƙafa ɗaya tana cikin rami, sai mu ji taya tana gurzar jikin mota. A wani wuri da hanya ta karkace gefe ɗaya, motar ta jingina har waɗanda ke baya suka yi salati, kowa da irin nasa. Mota mai tsawo ta fi saurin kifewa, balle in mutane suna zaune bisa kaya kamar yadda muka saba ranar kasuwa.

Akwai kuma abin da taya ba ta iya yi ko kaɗan. Kusan kowace shekara, wajen Agusta ko Satumba, akan buɗe ƙofofin madatsar Bagre a Burkina Faso, ruwa ya gangaro Farin Volta ya haɗu da na sama, ya malale gonaki da hanyoyi. Waɗanda suka ga ambaliyar 2007 ba su manta ba. Na lura cewa doguwar mota takan sa wa matashin direba ƙarfin zuciyar da bai kamata ba. Direbanmu kuwa har yau in ya iso ruwa yakan sauka, ya naɗe wando, ya shiga da sanda. In ruwan ya wuce gwiwarsa, ko yana jansa, ba ya shiga da mota. Sai a nemi kwalekwale, a kuma aika wata mota ta jira a ƙetare. Sannu ba ta hana zuwa.

Da muka koma gaban majalisa na karanta abin da ke cikin littafina, Magajiya kuma ta ba da labarin ƙwaryarta. Aka yanke shawara a cire falle ɗaya a bar ɗaya, a riƙe sababbin shokozoba, a rage ɗagawar gaba domin kada gaɓoɓin da ke juya ƙafafun gaba su riƙa aiki a karkace. Aka sayi taya matsakaiciya, 245/75R16, mai kimanin santimita 77, mai zane manya. Ta ɗaga tulun da santimita 2, ba ta gurzar jiki, in maleji ya nuna 80 kuwa gudun yana wajen 84, direba ya rubuta wannan ya manna kusa da sitiyari. Aka sayi biyar iri ɗaya har da safaya, gama mota mai jan ƙafa huɗu ba ta son taya dabam dabam. Shugaban matasa shi da kansa ya sāke riƙe ƙwaryar a gwaji na ƙarshe, ya dawo da ita da fiye da rabin ruwanta. Kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Ga wata ƙaramar shawara ga ikilisiyoyin da ba su da ƙarfin sayen sabuwar taya. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT. Biyu na farko mako ne, biyu na ƙarshe shekara. 1822 yana nufin mako na 18 na shekarar 2022. Dokar hanya da Ghana ta kafa a 2012 ta sa iyakar shekara huɗu daga ranar da aka yi taya. Roba takan tsufa ko da zanenta yana da kyau, zafin ƙasarmu kuwa ba ya yi mata sauƙi. A duba lambar nan kafin a ba da kuɗi.

Na sani akwai 'yan'uwa a Jos da Maraɗi da Garwa da sauran wurare waɗanda ikilisiyarsu mota ɗaya gare ta kamar tamu, kuma wata rana wani zai kawo musu irin shawarar da aka kawo mana. Ban ce su ƙi ba. Ƙasarsu dabam ce, mai yiwuwa abin da bai yi mana ba ya yi musu, gama wanda ke bin yashin Damagaram buƙatarsa ba ɗaya take da ta mai bin lakar Dagomba ba. Abin da nake roƙo shi ne, su gwada tsohon kafin sabon, su gwada a kan hanyarsu da irin kayansu, da rani da damina. In za su fita gwajin kuwa, kada su cika motar da maza masu ƙarfi kaɗai. Su ba tsohuwa wuri a baya, su saurari abin da za ta faɗa. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.